Zinariya da gashin mamaci: Yadda Turawa suka mayar da makoki kayan ado

A gidan adana kayan tarihi na Victoria da Albert da ke Landan akwai wani faffaɗan zoben zinariya da aka yi wa ado da baƙi da fari. Mai wucewa zai ɗauka zoben gayu ne irin na mutanen da. Sai an duba shi da kyau ake ganin abin da yake ɗauke da shi: haruffan sunayen yara bakwai, kowanne da shekarunsa, babbansu 16, ƙaraminsu 2. Maƙerin ya kuma sassaƙa cewa sun rasu ne daga ranar 16 zuwa 23 ga Fabrairun 1801. Wato 'ya'ya bakwai cikin mako guda. Masana na kyautata zaton annoba ce ta faɗa wa gidan.

Irin wannan zobe ba shi kaɗai ba ne. Kusan shekara 300, daga ƙarni na 17 zuwa farkon na 20, mutanen Ingila da wasu ƙasashen Turai da Amurka sun riƙa ƙera kayan ado musamman domin matattu: zobba, sarƙoƙi, 'yan kunne, mundaye, da 'yan battocin zinariya masu buɗewa da ake ratayawa a wuya. Wasu an rubuta sunan mamacin a jikinsu, wasu an saka hotonsa, da yawa kuma an rufe ɗan gashinsa a ƙarƙashin gilashi.

Bahaushe zai ji abin banbaraƙwai, domin a wurinmu mutuwa tuɓe ado take sa a yi. Matar da mijinta ya rasu takan shiga takaba ta wata huɗu da kwana goma, ta ajiye kwalli da lalle da turare da gwal. Su kuwa waɗancan mutane ƙirƙiro wa mai makoki nata adon suka yi, suka kafa masa doka da lokaci, har ya zama sana'ar da ta ciyar da dubban gidaje.

Daga tuna mutuwa zuwa tuna mamaci

Asalin abin wa'azi ne. A ƙarni na 16 masu hali a Turai sukan sa zobba masu siffar ƙoƙon kan mutum, ko ƙwarangwal kwance cikin ɗan akwatin gawa, ko agogon yashi mai nuna lokaci na tsiyaya. Ba domin wani mamaci na musamman ake yin su ba. Gargaɗi ne ga mai zoben kansa, ya tuna cewa shi ma tafiyar tana nan tafe.

Sannu a hankali sai zoben ya tashi daga tunatarwa kan mutuwa ya koma tunawa da mutum guda mai suna. Wasiyya ce ta buɗe wannan ƙofa. Marubucin nan William Shakespeare, wanda ya rasu a 1616, ya ware sule 26 da kwabo 8 ga kowanne daga cikin wasu abokansa domin su sayi zobe. A cikinsu akwai John Heminges da Henry Condell, abokan wasan kwaikwayonsa, waɗanda daga baya suka tattara ayyukansa suka buga a 1623.

Siyasa ma ta ƙara wa abin wuta. A ranar 30 ga Janairun 1649 'yan majalisar Ingila suka fille kan Sarki Charles na Ɗaya a bainar jama'a. Magoya bayansa suka ɗauke shi shahidi, suka shiga sa zobba masu ɗan mitsitsin hotonsa. Da yake zamanin ba na nuna kai ba ne, wasu zobban an yi musu murfi, sai mai shi ya buɗe wa wanda ya amince da shi. Bayan sarauta ta dawo a 1660, aka fito da su fili, sauran jama'a kuma suka kwaikwayi salon domin nasu mamatan.

Kafin ƙarnin ya ƙare, rabon zobe ya zama wani ɓangare na jana'izar manya, tare da safar hannu da gyale. Da Samuel Pepys, babban ma'aikacin hukumar sojan ruwa, ya rasu a 1703, an raba zobba fiye da 120. Ba kuɗinsu ɗaya ba: an kasa su hawa uku, kowa ya samu daidai matsayinsa da kusancinsa ga mamacin. A ƙetaren teku, ɗawainiyar ta yi wa iyalai nauyi har majalisar Massachusetts ta kafa doka a farkon shekarun 1740 ta hana rabon zobba da giya a wurin binne gawa. Dokar ba ta kashe al'adar ba. George Washington, shugaban Amurka na farko, wanda ya rasu a 1799, ya bar wa mata biyar daga danginsa da abokan arziki zoben makoki, kowanne na dala 100.

Yadda ake karanta zobe

Waɗannan kaya suna da harshensu, kuma wanda ya san shi zai ɗauki zobe ya faɗa maka labarin mai shi. Launi ne farko. Maƙera sukan narka wani irin gilashi a kan zinariya ya daskare kamar fenti. Idan baƙi ne, mamacin ya yi aure. Idan fari ne, yawanci yaro ne, ko budurwa, ko wanda bai taɓa aure ba. Sai rubutu: cikakken suna, da haruffan Latin OB kafin ranar rasuwa, da AE ko AET kafin shekarun da ya yi a duniya. Da yawa kuma suna ɗauke da tambarin ofishin gwajin zinariya, wanda ke nuna garin da aka gwada ta da shekarar.

Daga wajajen 1770 ƙoƙon kai da ƙwarangwal suka ja baya, salo mai taushi ya maye gurbinsu. Fuskar zobe ta yi tsawo, mai tsini sama da ƙasa, ta rufe kusan gaɓar yatsa. A ciki sai a yi zane da launin ƙasa-ƙasa a kan siririn hauren giwa: mace cikin farin kaya ta jingina da kabari, tulu a bisa ginshiƙi, da wata bishiya mai rassa masu sunkuyawa ƙasa. Ginshiƙin da ya karye yana nufin rayuwar da aka katse tun ba ta yi nisa ba. Ƙananan lu'ulu'u da ake jerawa a gefe, hawaye ne. A wasu lokuta mai zanen yakan daddatsa gashin mamacin ya gauraya da fenti, ko ya manna shi ya zama rassan bishiyar.

Manyan mutuwoyi su ma sun bar zobbansu. Da aka kashe Admiral Nelson a yaƙin Trafalgar a watan Oktoban 1805, an ƙera wa danginsa da abokansa zobba masu baƙar fuska da haruffan N da B, alamar sarautunsa biyu, da sunan yaƙin a ƙasa. A 1817 kuma Gimbiya Charlotte, wadda ake sa ran za ta gaji sarautar Ingila, ta rasu wurin haihuwa tana da shekara 21. Ƙasa duka ta shiga baƙi, maƙera suka yi ta buga zobba da lambobi masu sunanta, har ga mutanen da ba su taɓa ganin ta ba.

Gashi, abin da ba ya ruɓewa

A cikin duk abin da mutum ya bari na jikinsa, gashi ne ke daɗewa bai canza ba. Kafin zuwan hoto a 1839, talaka ba shi da halin sa a zana masa fuskar ɗansa ko matarsa. Amma almakashi yana kowane gida. Wannan ne ya sa aikin gashi ya zama sana'a mai zaman kanta, kuma iri biyu ne.

Na farko saƙa ne. Akan wanke gashin da ruwan zafi da kanwar Bature, a daidaita tsawonsa, a ƙirga silin cikin kowane ƙulli don su zo daidai. Sai a zauna gaban wani ɗan tebur mai zagaye da rami a tsakiya. Kowane ƙulli an ɗaura masa ɗan nauyin dalma a ƙarshe yana reto a gefen tebur, mai saƙar kuma tana ɗaga wannan ta tsallaka da shi kan wancan bisa tsari, saƙar tana sauka ta ramin tana naɗe wani ɗan sanda. Duk wadda ta iya kitso za ta gane dabarar da kallo ɗaya. Idan an gama sai a tafasa shi, a busar a tanda, a zare sandan, gashin ya tsaya da siffarsa kamar raga. Maƙeri ya sa masa bakin zinariya, ya zama abin hannu, ko 'yan kunne, ko igiyar agogon aljihu ta maza.

Na biyu shimfiɗa ne. A baje gashin a kan faranti, a shafa masa ƙaro ya yi tauri, a lanƙwasa shi da ɗan ƙarfe mai zafi ya ba da siffar gashin tsuntsu ko fure ko damin alkama, a ƙawata da zaren zinariya, a rufe da gilashi.

Akwai ƙauyen da ya yi suna da wannan aiki, Våmhus a ƙasar Suwidin, inda mata kan bar gida su zaga biranen Turai suna saƙar gashi su koma da kuɗi. Sai dai kasuwa ba ta rasa ha'inci. Mutane sun riƙa zargin cewa wasu shagunan kan jefar da gashin da aka aiko musu, su mayar da wanda suka riga suka saƙa da gashin wani, ko ma na doki, wanda ya fi sauƙin sarrafawa. Wannan fargaba ta sa mata da yawa suka koyi yi da hannunsu. Mark Campbell ya buga littafin koyar da kai a Amurka a 1867, Alexanna Speight ta buga nata a Landan a farkon shekarun 1870, mujallar mata ta Godey's kuma ta riƙa kawo darussa.

A gidan tarihin iyalin Brontë da ke Haworth akwai abin hannun marubuciya Charlotte Brontë, wanda aka kitsa da gashin ƙannenta biyu, Emily da ta rasu a Disambar 1848 da Anne da ta bi ta a Mayun 1849. A Amurka, yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865 ya ci rayuka fiye da 600,000, sojoji da yawa kuma sukan yanke gashinsu su bar wa iyali kafin su tafi, don ba su da tabbacin gawarsu za ta dawo. Ranar da aka rantsar da Shugaba Theodore Roosevelt a Maris ɗin 1905, zoben da ke yatsarsa yana ɗauke da gashin marigayi Shugaba Abraham Lincoln, kyautar John Hay, tsohon sakataren Lincoln.

Sarauniyar da ba ta fita takaba ba

Wadda ta kai al'adar ƙololuwa ita ce Sarauniya Victoria. A Maris ɗin 1861 mahaifiyarta ta rasu. Shekarar ba ta ƙare ba, ranar 14 ga Disamba, mijinta Yarima Albert ya cika a fadar Windsor yana da shekara 42, ya bar ta da 'ya'ya tara. Daga ranar ba ta sake sa tufa mai launi ba har ta rasu a Janairun 1901. Ta ƙaurace wa jama'a shekaru, ba ta sake buɗe majalisa da kanta ba sai 1866. Ta sa an ƙera battoci da zobba masu hoton Albert da gashinsa, ta raba wa 'ya'ya da makusanta. Abin da fada ta yi kuwa, shi attajirai ke yi, abin da attajirai suka yi shi masu matsakaicin hali ke bi.

Littattafan ladubban zama sun ɗan saɓa wajen lissafi, amma tsarin da aka fi bi ya ɗora wa matar mamaci kimanin shekara biyu da rabi. Shekara guda da kwana ɗaya na farko tana cikin baƙi tsundum, an lulluɓe rigarta da wani yadi mai kaushi marar sheƙi da ake kira kirep, fuskarta a rufe da mayafi. Ado kusan babu, in ma za a sa, sai baƙi wanda ba ya ƙyalli. Wata tara na gaba a rage kirep ɗin, baƙaƙen sarƙoƙi su fito. Sai wata uku na baƙin siliki, sannan wata shida na ƙarshe da aka yarda ta sa toka-toka ko shuɗi mai ja-ja, da zinariya da lu'ulu'u. Iyaye, 'ya'ya, 'yan'uwa, kawunnai, kowa da tsawon nasa makokin. Namijin da matarsa ta rasu kuwa, baƙar kwat da ƙyalle a hula ko a damtse sun wadatar, na 'yan watanni, kuma yana iya sake aure ba mai cewa uffan.

Mutuwa ba baƙuwa ba ce a wancan zamani. A tsakiyar ƙarni na 19, cikin jarirai 1,000 da aka haifa a Ingila, kimanin 150 ba sa cika shekara. Tarin fuka, kwalara da zazzaɓin taifot suna ɗibar manya. Mace na iya fita daga wannan makoki ta faɗa wani, ta yi shekaru ba ta ga launi ba. 'Yan kasuwa suka ga hanya. A 1841 aka buɗe kantin Jay's a titin Regent na Landan, wanda ba ya sayar da komai sai kayan makoki, daga riga zuwa laima. Irin waɗannan kantuna har gida suke aika teloli da zarar an sanar da su rasuwa. Kamfanin Courtaulds ya yi dukiya da saƙa kirep. Akwai ma camfin da ke cewa ajiye kirep a gida bayan an gama makoki yana jawo wata mutuwar, don haka kowace rasuwa sai an sayi sabo. Ba sai an faɗi wanda camfin ya amfana ba.

Baƙin dutsen Whitby

Duk wannan baƙin ado yana bukatar abin da za a ƙera shi da shi, kuma wani ƙaramin garin masunta a gaɓar tekun Yorkshire ne ya mallake shi. Sunan garin Whitby, abin kuma Turawa na kiransa jet. Asalinsa itace ne da ruwa ya kwasa ya binne cikin laka tun kimanin shekara miliyan 180, nauyin ƙasa ya matse shi har ya zama ɗan'uwan kwal. Baƙi ne wuluk, ba shi da nauyi, yana da ɗumi a hannu, yana sassaƙuwa, idan an goge shi kuma yana ɗaukar ido. Rashin nauyinsa ne ya sa mace ke iya rataya manyan duwatsu a wuya ta yini da su. A zamanin Rumawa ma an yi aikinsa a birnin York. Irinsa ne ake haƙowa a Oltu ta ƙasar Turkiyya ana yin baƙin carbi da shi.

Jirgin ƙasa ya kawo wa Whitby 'yan yawon buɗe ido, baje kolin duniya na Landan a 1851 ya nuna kayan garin, makokin fada kuma ya ƙarasa sauran. A farkon shekarun 1870 garin yana da wuraren aiki kimanin 200, da ma'aikata fiye da 1,000. Masu nema sukan sauka da igiya a jikin duwatsun bakin teku, wasu su haƙa ramuka cikin tsaunukan da ke bayan gari.

A wurin aiki, kowa da hannunsa. Wani ya fere ɓawon dutsen, wani ya yanka da zarto, wani ya wasa a kan dutsen niƙa mai juyawa da feda, sannan gwanin sassaƙa ya fitar da fure ko ganye ko fuska. Daga nan sai masu gogewa, waɗanda ke amfani da wani jan gari. Garin kan fantsama ya rufe musu fuska da tufafi, har mutanen gari suka laƙaba musu jajayen shaiɗanu. Ƙurar dutsen tana kama wuta, ɗakunan kuma matsattsu ne a saman gidaje. Yara maza tun suna ƙanana ake shigar da su koyon aikin.

Na talaka da na jabu

Dutsen Whitby yana da tsada, ga shi al'ada ta wajabta baƙi a kan kowa. Sai masana'antu suka cike giɓin. Aka fito da baƙin gilashi wanda ake kira jet ɗin Faransa, mai nauyi da sanyi da ƙyalli. Aka fito da taurarriyar roba, wadda aka gano yadda ake yin ta bayan Charles Goodyear ya yi rajistar dabarar dafa roba da farar wuta a 1844. Ita ba a sassaƙa ta, zuba ta ake yi a mazubi a fitar da ɗaruruwa iri ɗaya. Daga Ailan aka riƙa kawo baƙin itacen da ya daɗe a fadama. A Faransa har garin katako aka cuɗa da jinin dabbobi aka matse da zafi. Mutanen Whitby da kansu sun shigo da dutse mai taushi daga Sifaniya, wanda ke tsagewa bayan ɗan lokaci, abin da ya ɓata wa garin suna.

Zinariya ma ta sauko. A 1854 dokar Birtaniya ta halatta zinariya mai karat 9 da 12 da 15, masana'antun Birmingham kuma suka shiga buga battoci da injin, da rubutun tunawa a shirye, sai dai a ƙara suna. Da hoto ya yi araha, sai batta ta zama mai ɗaki biyu, fuskar mamaci a ɗaya, gashinsa a ɗayan.

Duk da haka talaka ya sha wuya. Matar lebura takan jefa rigarta ɗaya tilo cikin baƙin rini, ruwan sama ya taɓa ta rinin ya zuba a fata. Iyalai kan biya kwabo-kwabo duk mako ga ƙungiyoyin adashin jana'iza, don gudun kunyar a binne nasu a kabarin marasa galihu. Wasu sukan ci bashi domin makoki a daidai lokacin da mai ciyar da gidan ya tafi. Maƙwabta suna kallo, kuma wadda ta cire baƙi da wuri, bakin duniya ba zai bar ta ba.

Yadda al'adar ta mutu

Tun Victoria tana raye aka fara gajiya. Marubuci Charles Dickens, wanda ya rasu a 1870, ya yi wasiyya cewa kada wanda ya zo jana'izarsa da gyale ko dogon ƙyallen hula ko wani tarkacen makoki. A shekarun 1870 aka fara kafa ƙungiyoyin neman sassauta jana'iza da rage kashe kuɗi. Yayin tufafi ya canza, manyan baƙaƙen sarƙoƙi suka daina dacewa da riguna marasa nauyi, kasuwar Whitby ta fara faɗuwa tun shekarun 1880. Ilimin ƙwayoyin cuta ya sa mutane suka fara ƙyamar gashin gawa. Ita kanta sarauniyar ta bar umarnin a sa ta cikin farar riga da mayafin aurenta, kodayake an saka mata cikin akwati siffar hannun Albert da aka yi da farar ƙasa.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya rufe babin. Birtaniya ta rasa sojoji fiye da 700,000, gwamnati kuma ta yanke shawarar ba za a dawo da gawarwaki gida ba, akasarinsu a can Faransa da Beljiyam aka binne su. Babu gawa, babu gashin yankewa. Mata sun shiga masana'antun makamai, ba su da halin zaman shekara biyu a lulluɓe. Hukumomi ma ba sa son tituna su cika da baƙi, don kada gwiwar jama'a ta yi sanyi. A maimakon zobe, gwamnati ta aika wa iyalai faifan tagulla mai sunan mamacin, fiye da miliyan ɗaya. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, masu sassaƙar jet a Whitby 'yan tsiraru ne suka rage.

Kasuwarsu a yau

Da yawa daga cikin kayan an narke su don zinariyarsu, an zubar da gashin. Waɗanda suka tsira yanzu suna gidajen tarihi, irin su na Birtaniya da na Whitby, ko hannun masu tara kayan da. A Maris ɗin 2021 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da wasu kayan makokin Victoria da suka daɗe a hannun zuriyarta, ciki har da waɗanda aka yi domin 'yarta Gimbiya Alice, wadda ta rasu ranar 14 ga Disambar 1878, rana ɗaya da mahaifinta bayan shekara 17.

Masu sayen irin waɗannan kaya suna da ƙa'idojinsu. Ba kowane baƙin ado ne na makoki ba, domin jet ya yi yayi har ga waɗanda ba a yi wa mutuwa ba. Ba kowane gashi ne na mamaci ba, domin masoya da ƙawaye sun riƙa musayarsa suna raye. Rubutun suna da ranar rasuwa shi ne hujja. Jet na gaskiya yana barin layi mai ruwan ƙasa idan an goga shi a tangaran marar sheƙi, gilashi yana da sanyi da nauyi, roba kuma tana kodewa a rana kuma tana warin farar wuta idan an murza ta. Ruwa ba ya shiri da battar gashi. Kayan da ke da zane a kan hauren giwa kuwa, dokar Birtaniya da ta fara aiki a 2022 ta hana cinikinsu sai waɗanda suka cika sharuɗɗan tsufa aka kuma yi musu rajista.

Sha'awar riƙe wani abu na mamaci ba ta gushe ba a can. Akwai kamfanoni a Amurka da Suwizalan da ke sarrafa tokar gawar da aka ƙona ta zama daimon, wasu kuma suna buga zanen yatsar mamaci a jikin azurfa.

Mu hanyarmu daban ce. Gawa tana tafiya kabari da duk abin da ke jikinta, abin da ke bin ta kuma addu'a ce da sadaka, sai jaririn da za a mayar wa suna. Amma tarihin waɗannan zobba yana da abu biyu da ya kamata mu duba. Na farko, duk inda aka mayar da baƙin ciki abin nunawa, ɗan kasuwa ne ke cin riba, mace da talaka su biya. Na biyu, kirep ya ruɓe, kantunan sun rufe, dokokin ladubba sun zama abin dariya, amma zoben da ke da suna da kwanan wata har yau masu bincike na bin sa su gano mutumin da danginsa. Gidaje nawa ne a cikinmu za su iya faɗin shekarar da kakansu ya rasu, balle sunayen 'ya'yan da kaka ta binne? Wannan ba ya bukatar zinariya. Littafi da alƙalami sun isa, kuma gara a tambayi tsofaffin gida a rubuta tun suna da rai.